Ajiyar Sammani

Muntaka yana gona yana ɗaurin dami labarin ya iske shi. Hantsi ne, cikin kaka, gero duk a kwance. Musbahu, wani falke mai kai kanwa tsakanin Katsina da Batsari, ya ratse daga hanya, ya ɗaure jakinsa a gindin gawo, ya yi sallama. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki da gajiya, sa'an nan ya sake komawa kan gida. Muntaka ya saki ramar da ke hannunsa. Ya san gaisuwar da ta ƙi ƙarewa ba banza ba.

"Sai haƙuri, Muntaka. Malam Sammani ya riga mu gidan gaskiya. Yau kwana tara. Masassara ce, kwana huɗu ya yi a kwance. Da ni aka kai shi."

Muntaka ya yi salati. Ya duƙa ya ɗauki ramar, ya ƙarasa ɗaure damin da ya fara, ya ƙulle, ya sake ƙullewa a kan ƙullin. Sa'an nan ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da hularsa. Musbahu ya tsuguna kusa da shi, har jakin ya gaji ya fara cin kara.

Allah ya jiƙan Sammani. Ba sananne ba ne, ba a taɓa yi masa kirari ba, kuma in ka tambaya a fada ba wanda zai ce ya san shi. Mutumin Babban Duhu ne, can wajen Safana, ɗan manoma. Ya sauke karatun allo a garinsu, gemu ya fara tsiro masa, sai ya ji labarin Malam Daudu na Batsari mai karantar da littattafan ilimi a zaurensa. Ya zo da buzu ɗaya da riga ɗaya, ya kwana uku a rumfar masallaci. A rana ta huɗu marigayi Usaini, mahaifin Muntaka, ya tsaya a kansa. Bai ce masa zo in ba ka masauki ba. Cewa ya yi, "Samari, akwai wani ɗaki a ƙofar gidana, gara na neman cinye shi don ba kowa a ciki. Ko za ka taimake ni ka tsare mini shi?"

Shekara goma sha ɗaya Sammani ya yi yana tsaron ɗakin nan.

Shi Muntaka karatunsa a izu bakwai ya tsaya, hannunsa ya fi sabawa da hauya. Don haka Sammani ya sa masa suna Alaramma. Shi kuwa ya rama da Ɗan Duhu. In Sammani ya dawo daga zaure, Muntaka kan tare shi, "Ɗan Duhu, yau an samo hasken?" Shi kuma ya ce, "An samo, Alaramma, sai dai ya ce ba ya shiga gidan da aka tsaya a izu bakwai." Akushi ɗaya suke ci. Ranar da aka binne Usaini, Sammani ne ya riƙe Muntaka a bakin kabari. Ranar da aka kawo Saude, matar Muntaka, shi ya ɗinka rigar ango, ya ƙi karɓar ko goro.

Siriri ne, mai sanyin murya, idonsa ya ɗan ƙanƙance saboda allura. Da ɗinkin riga yake ci da kansa, da damina kuma ya noma ɗan fegin da aka ara masa. Ba shi da saurin ɗaukar karatu. Abin da wani zai kwashe a zama ɗaya, shi sai ya kwana uku a kai yana motsa leɓe, har ya bar takalmansa a masallaci ya dawo gida ƙafa ba komai bai sani ba. Malam Daudu yakan ce, "Sammani yayyafi ne. Ba ya cika tafki, amma yana shiga ƙasa."

Abu ɗaya ne ya koya a rana ɗaya. Akwai wani tsoho, Ɗanmaraya, mai saran itace yana kawowa gari, ba mata ba ɗa. Wata Juma'a Sammani ya ga kafaɗarsa a waje, ya miƙa masa riga a gaban mutane, ya ce sadaka. Kafin la'asar rigar ta dawo, a ninke. Tsohon ya ajiye ta a bakin ɗaki ya ce, "Malam, gatari gare ni. Ran da ka ga na jefar da shi, ka kawo." Sammani ya kwana biyu bai iya haɗa ido da kowa ba. Mutanen wannan yanki haka suke, yunwa ta fi musu sauƙi a kan a ce ga wanda ake ba.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, Malam Daudu ya kira shi ya ce, "Abin da ke tuluna na juye maka. Ka tafi birni, akwai manya a can." A lokacin ba a bin hanyar Katsina mutum ɗaya saboda tsoron mahara, sai a jira ayari. Madugu ya ce nan da kwana uku. Sammani ya fito da duk abin da ya mallaka ya zube a ƙofar ɗaki, ya tsaya yana kallo yana mamaki. Mutum ya zo da buzu ɗaya, ga shi yau jaki biyu ba za su kwashe tarkacensa ba.

Geron da ya noma, da garma, da wata riga mai aska da ya gama ɗinki, waɗannan ya kai kasuwa, don takarda tana da tsada a birni, ga kuma guzuri. Muntaka ya bi shi, don ya san hali. Mai saye na farko ya ɗaga rigar, ya yatsine fuska, ya yi tayin da ko zaren bai biya ba. Kafin Muntaka ya buɗe baki Sammani ya ce, "Na sallama."

"Albarka ake cewa, Ɗan Duhu! Albarka!" Muntaka ya fizge rigar. "Shekara sha ɗaya kana karanta babin ciniki, ashe ba a kai ga wannan kalmar ba?"

"An kai, Alaramma. Ranar ba ni da lafiya."

Daga nan Muntaka ya zaunar da shi a inuwa kamar baƙo, ya yi cinikin da kansa.

Tabarmi da tukunya da tulu da tsofaffin alluna, waɗannan ya raba wa 'yan uwansa ɗalibai a fili, suka karɓa da godiya, don tsakanin ɗalibi da ɗalibi ba kunya. Saura abu biyu masu daraja: gwadonsa mai kauri na lulluɓa, da wata jar akuya mai ciki da wani Bafillace ya ba shi ladan koya wa iyalinsa salla. Muntaka ya ɗauka su ma kasuwa za su. Sai ya ga Sammani ya saɓa gwado ya nufi bukkar Ɗanmaraya.

"Baba, wata alfarma na zo nema. Gwadon nan ya yi mini nauyi a tafiya. Ka ajiye mini. Amma ka riƙa lulluɓa da shi, kada asu ya ci."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Wannan ai ba komai, Malam."

Akuyar kuwa gidan Indo ya ja ta. Indo tsohuwa ce, maƙwabciyarsu ta bayan gida, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta ba wanda ya rayu. Da kaɗi take ci, ga ido ya fara gazawa, zarenta ya fara kauri, masaƙa sun fara kauce mata. Shekara da shekaru takan aiko wa Sammani ɗan kunu in ta dama, ta ce ragowa ce.

"Inna, ina zan kai wannan baiwar Allah? Ba ta iya tafiyar ayari da ciki. Ki ajiye mini ita. In ta haihu suka yi miki yawa, ki rage."

"Ɗaure ta can, ɗan nan," in ji Indo. "Ko kunnenta ba mai taɓawa sai ka dawo."

A kan hanyar komawa Muntaka ya ce, "Ga gidana da turke, ga Saude, ka rasa mai riƙe maka akuya sai wadda ba ta gani?"

Sammani ya tsaya. Ya ce, "Ka zama shaida, Muntaka. Gwadon nan na Baba Ɗanmaraya ne, akuyar nan ta Inna ce, ita da abin da ke cikinta. Na ba su don Allah, na cire raina. Amma kada ka faɗa musu. In suka ji kalmar kyauta, kafin in kai Katsina sun dawo da su. Mahaifinka ne ya koya mini."

Muntaka ya ɗauki alkawari.

Da asubar tafiya Sammani ya shigo da wata gafaka, jakar fata ta littattafai, cike da takardun da ya kwafa da hannunsa tun zuwansa Batsari, gefe-gefensu duk ƙananan rubutu na abin da ya ji daga bakin malaminsa. Ya ce ya riga ya haddace su, kuma yana tsoron ruwan hanya. Ya ce, "Wannan kam ajiya ce ta gaske." Muntaka ya rataye ta a ƙuryar ɗakinsa. Ban da su biyu da Saude ba wanda ya san da ita.

To, dabarar da ta ci a hannun Usaini ba ta ci a hannun Sammani ba. Usaini yana nan kullum yana ganin baƙonsa, shi kuwa Sammani ya faɗi kalma ya tafi, kalmar ta zauna yadda aka faɗe ta. Sanyi ya shigo, Muntaka ya gamu da Ɗanmaraya da sassafe yana rawar ɗari a bakin wuta.

"Baba, ina gwadon? Ai cewa ya yi ka lulluɓa."

"Kara ce ya yi mini. Kayan mutane? In tartsatsi ya faɗa masa fa? Yana can rataye wurin hayaƙi, asu ba ya zuwa."

Akuya ta haifi tagwaye. Bazara ta wuce, marka ta zauna, rumbuna suka yi ƙasa. Saude ta leƙa gidan Indo ta iske ta tana cin kwaɗon tafasa ba ko ƙuli, ga 'yan awaki biyu sun yi ɓul-ɓul, don dusar da take samu su take ba. Muntaka ya je da kansa.

"Inna, ki sayar da ɗaya mana. Ai ya ce in sun yi yawa ki rage."

"Biyu ne yawa? In mai abu ya dawo in ce masa mi? In ce na cinye?"

Maganar ta zo har bakin Muntaka, ya haɗiye. Ya riƙa aika mata gero ta hannun Saude, wani ta karɓa, wani ta mayar. Ya yi niyyar aika wa Sammani saƙo ta bakin fatake, a ce masa dabararka ta kwana a hanya, ka sake ni in yi magana. Ya ce bari a gama shuka. Ya ce bari a gama noma. Ya ce bari a gama girbi. Yana cikin girbin Musbahu ya ratso.

Washegarin labarin, mutane na zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga Ɗanmaraya da gwado a ninke a ka, yana ƙanshin hayaƙi, ko lanƙwasar da Sammani ya yi masa ba ta warware ba. Bai daɗe ba sai ga Indo tana lalube da sanda, tana jan akuya, 'ya'yan na biye. Ta ɗaure su a turken Muntaka da hannunta, ta ce, "Ga amanar marayan Allah. A kai wa masu ita. Alhamdu lillahi ban ci ko gashi ba."

Muntaka ya shiga cikin gida ya yi kukan da bai yi a gona ba. Abokinsa ya tafi yana zaton ya aika wani abu gaba, ga shi an dawo masa da shi ƙofar ɗaki.

Bayan kwana huɗu Barau ya iso daga Babban Duhu. Wan Sammani ne, manomi mai faɗin kafaɗa, ba ya da yawan magana. Aka zauna a zauren Malam Daudu bayan azahar, aka kira Ɗanmaraya, Indo ta zauna daga bakin ƙofa. Malam ya ce abin da aka bari ajiya, in mai shi ya rasu, gado ne, sai a miƙa wa magada.

Muntaka ya ce, "Allah gafarta Malam, in mutum ya ɗauki alkawarin yin shiru, mai alkawarin ya rasu, shirun kuma zai ɓata abin da shi mamacin ya nufa, yaya ke nan?"

"Sai ya yi magana. Ɓoye shaida ya fi nauyi."

Sai ya faɗa, tun daga rigar da aka mayar ran Juma'a har zuwa maganar da suka yi a hanya. Ɗanmaraya ya sunkuyar da kai. Malam Daudu ya ce shaida ɗaya ne, amma a sha'anin dukiya yana isa in wanda abin ke hannunsa ya yi rantsuwa a kai. Ya juya wajen ƙofa.

"Ni?" in ji Indo. "In rantse a kan mi? Kunnena ajiya ya ji. Ba na rantsuwa da kunnen Muntaka."

"Ni ma haka," in ji Ɗanmaraya.

Barau ya gyara zama. Ya ce, "Malam, ni ban zo kwasar awaki ba. Da nawa ne ni kaɗai, da na bari tun a hanya. Amma tsohuwarmu tana raye, tana da haƙƙi a ciki, ba ni yafe abin da ba nawa ba. In kuwa da gaske kyauta ce, haram ne ta shiga bakinmu. Muntaka, ban ce ka yi ƙarya ba. Sai dai na san tausayi, yana sa mutum ya ji abin da ba a faɗa ba." Ya dubi Muntaka. "Kai da kuka ci akushi ɗaya, bai bar komai a wurinka ba?"

Ba wanda zai ƙaryata Muntaka in ya ce babu. Tun ranar da labari ya zo, kullum sai ya sauko da gafakar nan ya buɗe, ba don yana iya karanta ƙananan rubutun ba, sai don ya ga hannun. Ita kaɗai ta rage masa. Ya tashi ya je gida, ya dawo da ita rungume a ƙirji, ya ajiye a gaban Barau.

"Wannan ita ce ajiya, Yaya Barau. Da bakinsa ya bambanta mini su. Ta magada ce."

Barau ya buɗe, ya ɗaga takarda ɗaya, ya daɗe yana kallo. Shi ma bai iya karantawa ba. Malam Daudu ya faɗa masa cewa abin da ke cikin jakar nan ya fi garken awaki daraja. Barau ya mayar da takardar a hankali, ya share ido da bakin riga.

"Wanda ya fito da wagga ba ya ƙarya a kan akuya," in ji shi. "Na gaskata. Tsohuwa ma in na faɗa mata za ta gaskata, ta san ɗanta." Ya tashi ya ɗauki gwadon ya warware shi, ya yafa wa Ɗanmaraya a kafaɗa. Tsohon ya kai hannu kamar zai cire, sai hannun ya tsaya a nan, ya damƙe gefen. Barau ya je bakin ƙofa ya durƙusa. "Inna, akuya taki ce tun bara. Ba mu muka ba ki ba, ba mu da ikon karɓa. In kin mayar, shi kika mayar wa, shi kuwa yanzu ladan kawai yake jira."

Indo ta jinjina kai. Can ta ce, "Ashe yaron ga wayo ya yi mini. Ina zaune ina cin tafasa, ina yi wa kaina gadin abina." Ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta juye kuka. "Ja'iri. Allah ya haskaka kabarinka, ja'iri." Da la'asar ta zo da kanta ta kwance awakin daga turken Muntaka. Ran kasuwa ta sayar da ɗan bunsurun, ta sayi gero, ta dama kunu mai yawa ta yi wa Sammani sadaka.

Barau ya kwana ɗaya ya koma da gafakar a rataye. Muntaka ya raka shi har bakin rafin da ke bayan gari, inda rakiya ke ƙarewa, ya tsaya har ya daina hango shi.

A daidai wurin nan ya tsaya da Sammani bara. Ayari ya riga ya ƙetare, ana kiran na baya. Muntaka ya riƙe masa buzu yana naɗe ƙafar wando.

"Kowa ka ba shi nasa, Ɗan Duhu," in ji Muntaka. "Ni da na sha wahalarka shekara sha ɗaya, sai gadi ka bar mini."

"Kai ba na ba ka komai, Alaramma."

"Don me?"

"In na ba ka, me zai dawo da ni?"

Muntaka ya miƙa masa buzun. "To, kada ka daɗe. Gara ba ta san ilimi ba."

"In Allah ya yarda. Koma haka nan, rana tana yi. Ka gaida Saude."

"Za ta ji. Allah ya kiyaye hanya."

"Amin. Sai na zo."